Yadda za ki kula da hankalin yaro a lokacin annoba da bayanta

Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Washegari aka rufe lakwal, wato makarantun boko, a faɗin ƙasa, ba mu koma aji ba sai 1 ga Yuni. A tsakanin nan an rufe iyakoki, an hana taro, an rufe masallatai har 13 ga Mayu, azumi ya kama ba jam'in asham. Yamai aka killace, aka sa mata dokar hana fitar dare. Mu a Maradi cutar ba ta kwantar da mutane rututu ba, shi ya sa har yau wasu ke cewa korona ba ta taɓa mu ba. Ni da nake koyarwa a lakwal ta firamare na ga inda ta taɓa mu. Yaran da aka dawo mana da su a watan Yuni sun sake: mai surutu ya yi tsit, mai haƙuri ya koma mafaɗaci, wasu bencinsu ya zauna wayam, ba su dawo ba har yau.

Ina rubuta wannan ne saboda annoba ba ta daina zuwa ba. Mun ga kwalara a 2018, wadda ta taso daga yankin Madarunfa, mun sake ganin ta a 2021. Ƙyanda da sanƙarau suna zagayowa. Kuma yaran da ke ajin CI, ajin farko na firamare, a shekarar korona yanzu sun kai shekarun kwaleji, makarantar da ke bin firamare, wasunsu suna ɗauke da abin da ba wanda ya taɓa tambayar su. Da ke nake magana, uwa, da kai uba, da kaka, da mushe malamin lakwal, da malamin allo.

Abin da ke cin yaro

Yawanci ƙwayar cutar ba ita ke dukan hankalin yaro ba. Abin da annoba ta yi wa gidansu ne ke dukansa.

A Maradi abu na farko kuɗi ne. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, korona ta zo ta tarar da mu a haka. Garin da ke cin abinci ta hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ka san abin da wannan ke nufi: direba ya ajiye mota, ɗan dako ya wuni a kan amalankensa, ɗan kabu-kabu ya zaga unguwannin Sabon Gari da Zariya ya dawo da kuɗin mai kaɗai. Matar da ke soya ƙosai da awara a ƙofar lakwal ta wayi gari ba masu saye. Kuɗin cefane ya ragu, murya ta tashi a tsakar gida. Iyaye suna tsammanin yara sun yi barci, alhali yaro yana kwance a tabarma, idonsa rufe, kunnensa buɗe. Ba ya gane batun iyaka ko farashin masara, abin da yake ganewa shi ne Baba ya daina dariya, Inna tana share ido da bakin zane.

Na biyu, rushewar yini. Lakwal ba karatu kaɗai take bai wa yaro ba. Tana ba shi dalilin tashi da safe, da abokai, da babba na waje da zai kalle shi ya ce yau me ya same ka. Idan aka rufe lakwal da makarantar allo da masallaci lokaci guda, aka hana biki da suna, yaro ya rasa duk abin da yake auna kwanaki da shi.

Na uku, jita-jita. Saƙonnin murya na WhatsApp da manya ke kunnawa a gaban yara: wannan ya ce an binne ɗaruruwa a wuri kaza, wancan ya ce ƙarya ce ta Turawa, wani ya ce allurar kashe haihuwa ce. Babba zai saurara ya tashi ya kama harkarsa. Ɗan shekara bakwai da shi zai kwana.

Ga yadda abin ke aiki a jiki. Idan mutum ya tsorata, jikinsa na sakin wasu sinadarai, adiranalin da kotizol, zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sama-sama, ciki ya ɗaure, barci ya gudu. Allah ya yi mu haka ne don mu tsere wa haɗari na ɗan lokaci, sannan jiki ya lafa. To idan tsoron ya ƙi wucewa, mako bayan mako, jikin yaro ya zama kamar babur da aka bari a kunne dare da rana, ba tafiya yake ba amma mai yana ƙonewa, inji yana zafi. Daga nan ake samun ciwon kai, ciwon ciki, mantuwa, saurin fushi. Abin da ya fi komai lafar da wannan a jikin yaro shi ne babba guda da ya amince da shi, wanda ke kusa kuma hankalinsa kwance. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan ya tsaya.

Kada a ce mu kaɗai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Maris 2022 cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta korona, kuma matasa da mata abin ya fi shafa. A 2021 masu bincike a jami'ar Kalgari ta Kanada sun tattara nazarce-nazarce 29 da aka yi a kan yara da matasa sama da 80,000, suka samu ɗaya cikin huɗu na da alamun ciwon damuwa, ɗaya cikin biyar na da alamun fargaba, wato ninki biyu na yadda ake gani kafin annobar.

Fara da kallo

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a wajen yaro har da ciki da shimfiɗa. Yaro ba zai zo ya ce miki Inna ina cikin damuwa ba. Abin da za ki nema shi ne canji: me yake yi da, me ya daina, me ya fara.

Ƙananan da ba su kai shiga lakwal ba, baya suke komawa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya sake farawa. Wanda ke wasa a waje ya maƙale miki, ko bayan gida za ki shiga sai ya tsaya a ƙofa yana kuka. Wani ya koma tsotsar yatsa, wani ya riƙa firgita cikin barci. 'Yan firamare su ciwo suke kawowa: kai, ciki, musamman da safe ko da magariba, ba zazzaɓi. Suna yawan tambayar ko Kaka za ta mutu. A aji sai ki ga yaro yana kallon allo amma ba ya nan. Matasa kuwa, daga shekara goma sha biyu zuwa sama, nasu ya fi kama da rashin kunya: gatsali, tsaki, ƙin cin abinci da 'yan'uwa, raba dare a kan waya, barci har hantsi, daina kula da wanka da kitso.

A nan nake roƙon iyaye abu ɗaya: ku ajiye bulala tukuna. Yaron da ya yi fitsarin kwance don tsoro, in aka doke shi aka tara masa yara suna yi masa waƙa, an ƙara masa tsoro a kan tsoro, gobe ma zai yi. Ki tashe shi ya yi fitsari kafin ki kwanta, ki rage masa ruwa da dare, da safe ku wanke shimfiɗar tare ba tare da kowa ya ji ba. Yawancinsu suna dainawa idan gida ya lafa.

Sannan kada a ɗora komai a kan damuwa. Ƙasarmu ta masassarar cizon sauro ce, ga tsutsar ciki, ga ƙarancin jini, ga yunwa. Yaro mai ciwon kai ko ciki a fara kai shi asibitin unguwa a gwada jininsa. In majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin, ya duba ya ce bai ga komai ba, ciwon kuma yana dawowa, kada ki ce ƙarya yaron yake. Ciwon gaske yake ji, tushensa ne ke wani wuri.

Yadda za ki yi masa magana

Tarbiyyarmu ta hana yaro kallon babba ido cikin ido, saboda haka kada ki zaunar da shi gabanki ki ce faɗa mini abin da ke damunka. Zai sunkuyar da kai ya ce ba komai. Ki nemi lokacin da hannu ke aiki: kina yi mata kitso, kuna tsinke zogale, kuna ɓare gyaɗa. Uba kuma a kan hanyar gona ko hanyar dawowa daga masallaci, kuna tafe kafaɗa da kafaɗa. Maganar ta fi fitowa idan ba a kallon juna.

Ki fara da abin da kika gani, ba da zargi ba. “Auta, na ga kwana biyu ba ki zuwa gaɗa.” Sai ki yi shiru. Shirun nan shi ne aikin, kuma shi ya fi wuya. In ta ce ba komai, ki ce to, ina nan. Gobe ki sake. Game da cutar, ki tambaye shi abin da ya ji kafin ki faɗa masa naki: “Me yara ke cewa a kan ciwon nan?” Za ki sha mamakin abin da ke cikin kansa. Wani yaro a ajina ya ɗauka duk wanda ya yi tari mota za ta zo ta tafi da shi ba zai dawo ba, don haka ya riƙa danne tarinsa har idonsa ya kawo ruwa, yana kuma lura da tarin mahaifiyarsa da dare.

Ki faɗa masa gaskiya daidai shekarunsa. Akwai ciwo a gari, yana kama mutane, mafi yawansu suna warkewa, ga abin da muke yi don mu tsira: wanke hannu da sabulu, tafasa ruwa in kwalara ce, zuwa riga-kafi. Ba shi aiki a ciki, ya zama shi ke zuba wa kowa ruwan wanke hannu kafin a ci tuwo. Yaron da ke da abin yi tsoronsa ya fi sauƙi. Kada ki yi masa alkawarin abin da ba a hannunki yake ba, irin ba wanda zai mutu a gidan nan. Ki ce rai na hannun Allah, mu kuma muna yin iya namu, kuma ko me ya faru akwai mai riƙe ka. Ki ambata masa su da suna: ni, Babanka, Gwaggo, Kawu.

Batun kuɗi ma haka. Ya riga ya ga tuwo ya koma sau ɗaya, ɓoyewa ba ta da amfani. Abin da yake bukatar ji shi ne ba laifinsa ba ne, kuma ba shi aka ɗora wa gyarawa ba. Yara suna da saurin ɗaukar laifi: faɗan iyaye a kan kuɗin littafi, sai yaro ya yanke cewa shi ne nauyin gidan. In kun yi faɗa a gabansu, ku bari su ga shirinku ma.

Kalmomin da zan so a rage: kai ba namiji ba ne, me aka yi miki, wasu sun fi ki shiga uku. Haƙuri abu ne mai kyau kuma muna koya musu, amma a saurari yaro tukuna sannan a ce ya yi haƙuri. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tarar da ƙaramin yaro, Abu Umair ƙanen Anas, yana baƙin ciki don ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. In an tsaya wa yaro a kan tsuntsu, ina ga wanda ya rasa lakwal da abokai da walwalar gidansu.

Mayar masa da yininsa

Wannan ba ya cin ko dala. Idan an rufe lakwal, kada a bar yini ya zama fili. Lokutan salla biyar sun riga sun raba mana rana, sai ki rataya komai a jikinsu. Tashi da asuba kamar kullum, wanka, koko, sannan karatu na awa guda ko biyu da hantsi, ko da kuwa maimaita tsohon kaye, littafin rubutun aji, ne, babba yana koya wa ƙarami. Bayan azahar hutu. Bayan la'asar wasa. Bayan isha tatsuniya ko hira, sai barci a lokaci ɗaya kowane dare. In masallaci a rufe yake, uba ya ja iyalinsa salla a tsakar gida. Gidajen da suka yi haka a 2020, na ga bambancin yaransu da muka koma.

Barci: 'yan shekara 6 zuwa 12 suna bukatar awa 9 zuwa 12, matasa awa 8 zuwa 10. Waya ta kwana a ɗakin uwa. Motsa jiki: aƙalla awa guda a rana, langa, ƙwallo, 'yar gala-gala, igiya, ko da a cikin gida ne da 'yan'uwa in an hana cakuɗuwa. Ki kalli wasansu ma. Bayan kwalara na ga yara suna wasan asibiti, suna kwantar da 'yar tsana suna ɗaura mata ruwa da zare. Kada ki hana. Da wasa suke narkar da abin da suka gani.

Labarai kuwa, a saurari rediyo sau ɗaya a rana, a kashe. Saƙon muryar da ba ki san mai shi ba, kada ki kunna a gaban yara.

In an yi rashi

Mun saba cewa yaro babanka ya yi tafiya. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma yaron zai yi ta jiran mota, ranar da ya ji gaskiya a bakin yaran unguwa kuma ya daina yarda da ke. Ki gaya masa da kanki, a wuri mai shiru, da kalmar da ba ta da harshen damo: ya rasu, ba zai dawo ba, Allah ya karɓi abinsa. Kada ki ce ya yi barci, ƙaramin yaro zai ji tsoron kwanciya. Zai sake tambaya gobe da jibi, ki sake amsawa. Zai yi kuka yanzu, an jima ki gan shi yana wasa, wannan ba rashin tausayi ba ne, haka yara ke makoki, guntu-guntu. Ki bar shi ya ga hawayenki. Annabi ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Annoba tana hana zaman makoki yadda aka saba, wani lokaci ma iyali ba su ke wanke gawa ba. To a yi wa yaro madadin: addu'a tare bayan kowace salla, sadaka da hannunsa, a ba shi hula ko carbin mamacin ya ajiye. Idan maraya zai koma hannun dangi, a yi ƙoƙari kada a raba shi da 'yan'uwansa, kada kuma a canza masa lakwal a shekarar in da hali. Gidan da cuta ta shiga, ku maƙwabta ku ja kunnen yaranku, kada a laƙaba wa ɗan gidan sunan cutar. Na ga yadda suna irin wannan ke hana yaro zuwa aji.

Samari da 'yan mata

Nan ne hankalina ya fi tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Ga shi sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya kafin a aikata, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Matashi jikinsa na manya ne, birkinsa bai gama ƙwari ba.

Saurayi in aka rufe kwaleji, fada yake komawa, wato majalisar samari ta shan shayi. Fada ba aibu ba ce, abokai magani ne a wannan shekarun, kuma hana shi fita gaba ɗaya ƙara masa ciwo ne. Amma uba ya san wace fada ce, su wa ke zama, me ake sha bayan shayi. Taramol, ƙwayar kashe zafin ciwo mai sa maye, yana yawo a garin nan, kowa ya sani, kuma yaran da ke fara shan sa da yawa ba don iskanci ba ne, don su samu ƙarfin dako ne ko su daina tunani. In ka ga alama, kada ka fara da kora. Korarre fada zai koma ya tare. Ka zauna da shi, ko ka sa kawunsa da yake jin maganarsa, sannan a nemi ma'aikacin lafiya, domin wanda ya saba da ƙwayar in ya yanke ta lokaci guda yana shan wuya a jiki, yana bukatar mai lura da shi. Ka ba shi abin riƙewa: koyon ɗinki, gyaran babur, aikin garka a Jiratawa, da sharaɗin in an buɗe aji zai koma.

Yarinya kuwa hutun dole ba hutu ba ne gare ta. Tire ake ɗora mata, ko raino da daka daga safe har dare, daga nan sai maganar aure ta taso, tunda tana zaune kuma gida ba kuɗi. UNICEF ta yi gargaɗi a Maris 2021 cewa korona na iya jefa ƙarin 'yan mata miliyan 10 cikin auren wuri kafin 2030, kuma mu a Nijar dama kusan uku cikin huɗu ake aurarwa kafin shekara 18, jihar Maradi tana sahun gaba. Na san nauyin da ke kan uba, ba na raina shi. Abin da nake cewa shi ne kada a yanke wa yarinya hukuncin rayuwa saboda rufewar wata biyu. Wata ɗalibata da ta shiga kwaleji, mai kai ƙwarai, tana shirin birbe, jarrabawar gama kwaleji, aka ɗaura mata aure a wannan hutun. Na haɗu da ita daga baya a babbar kasuwa, goye da ɗa, ta gaishe ni, “Madam, ina wuni,” ta tambaye ni 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ya samu, wa ya wuce lise, babbar sakandare. In talla ta zama dole, a taƙaita ta da rana, cikin unguwa, su biyu-biyu. Kuma in yarinya ta dawo daga talla ta canza farat ɗaya, ta ƙi komawa wani layi, tana kuka ba dalili, ki ja ta ɗaki ki tambaye ta a hankali, ki kuma yarda da abin da ta faɗa.

Akwai abin da muke gani a makarantun 'yan mata: ɗaya ta faɗi tana ihu, sai wasu su bi, a ce aljanu ne. Ba na jayayya da mai yin addu'a, ni ma ina yi. Amma bayan addu'a a tambayi yarinyar me ke faruwa a gida, ko ta karya kumallo, ko an yi mata miji, ko jarrabawa ce ta tsaya mata a rai. A janye ta daga taro zuwa wuri mai iska, a kori 'yan kallo, kada a doke ta, kada a turara mata hayaƙin da zai shaƙe ta. In faɗuwar tana maimaituwa a kai ta asibiti, domin farfaɗiya ma haka take, kuma tana da magani.

Ranar komawa aji

Ga 'yan'uwana malamai: makon farko ba na bin manhaja da gudu ba ne. Ku kira suna, ku rubuta waɗanda ba su zo ba, ku bi su gida tun kafin wata ya cika, domin wanda ya yi wata uku a kasuwa da wuya ya dawo. Ku ɗauka sun manta karatu, kada a kunyata kowa a kan allo. Haka malaman allo, musamman masu riƙe da almajiran da iyayensu ke nesa, irin waɗanda aka yi ta kwasowa a motoci daga jihohin arewacin Najeriya a 2020, da yaran 'yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da Katsina da ke zaune a yankin Gidan Runji. Waɗannan tsoro biyu ko uku suke ɗauke da shi, ƙarar faɗuwar kwano ma tana firgita su.

Ke kuma uwa, yaro daga fuskarki yake karanta ko duniya lafiya. In ke ma ba kya barci, kina kuka a ɓoye, kina dukan yara a kan abin da bai kai ba, ki nemi wadda za ki faɗa wa, 'yar'uwa ko aminiya ko unguwarzoma a asibiti. In kika ji hannunki zai tashi, fita ƙofar ɗaki, yi alwala, sannan ki dawo.

Lokacin da gida bai isa ba

Yawancin yara suna murmurewa cikin makonni idan yini ya daidaita kuma akwai mai sauraron su. Amma in baƙin ciki ko tsoro ya wuce mako biyu kullum-kullum, yaro ya daina ci, yana ramewa, ya kasa zuwa aji, ba abin da ke sa shi dariya, a kai shi asibitin unguwa. A faɗa wa majo komai dalla-dalla, yaushe ya fara, me ya faru a gida, a kuma nemi ya tura ku babban asibiti wajen masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa in abin ya fi ƙarfinsa. Zuwa wurinsu ba ya nufin ɗanki ya haukace. Kada a saya masa maganin barci a hannun masu tallar magani a tire.

Akwai kuma wanda ba a jira mako biyu. In yaro yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana yanka jikinsa, ko ya ce gara in mutu, na gaji da duniya, da ba ni da kun huta, ranar za a tashi. Kada ki ce rufe mini baki, kada ki fara da wa'azin wuta. Ki tambaye shi kai tsaye: “Kana tunanin kashe kanka?” Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi take kawo wa wanda ke ɗauke da shi shi kaɗai. In ya ce e, kada a bar shi shi ɗaya ko da dare. A kwashe fiya-fiya da maganin ƙwarin gona da maganin ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan, a kai su gidan maƙwabci a kulle. Babba guda ya kwana kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar, kuma wanda yaron ya fi sakewa da shi, ko yaya ce ko kawu, shi zai raka shi ya shiga da shi wajen ma'aikacin lafiya.